Mayestiro Gazali da Waƙar Man Gyaɗa

Tun da aka kafa Tasawa ba a taɓa yin ƙafa mai albarka irin ta Gazali ba. Wasu da kai suka yi suna, wasu da hannu. Shi kuwa Allah ya tattara basirarsa kaf ya zuba masa a tafin ƙafar dama. Shi ne Mayestiro, wato sarkin kiɗa. Shi ne Injiniyan Sauti na Tasawa da Kewaye, kamar yadda jan fenti ya shaida a ƙofar shagonsa. Duk sunayen nan shi ya raɗa wa kansa, don ya duba gabas da yamma bai ga wanda ya isa ya raɗa masa ba.

Asalin ɗaukakar tasa wani biki ne da ya je Yamai. Da zai dawo ya taho da wani farantin baƙin ƙarfe mai maɓallai a jere, wanda ake takawa da ƙafa, ya ce sunansa fedaliye. Gitarsa ana jona ta da ordinata, wato kwamfuta. A cikin ordinatar akwai manhaja, wadda yake kira lojisiyel, mai kwaikwayon muryar manyan amfili na duniya, akwatunan nan masu ƙara wa gita sauti, fedaliye kuwa shi ke ba ta umarni. Kullum in an ɗora shayi a fadar samarin unguwa, sai Mayestiro ya miƙe ƙafa ya buɗe karatu.

"Ku kuna Tasawa, a Tasawa za ku tsufa. Ni in na taka nan, amfilin Landan ne ke magana. In na taka can, na sauka Amirka. Ba biza, ba fasfo, ba esansin mota. Lojisiyel ke nan! Hannu na kiɗa, ƙafa na mulki."

Samari su gyaɗa kai, don shi ke sayen sukari.

Ana nan sai ga Hajiya Zara'u, shugabar matan Maijirgi masu matsar man gyaɗa. Ƙungiyarsu ta samu sabon inji, za a yi bikin buɗe shi, an kuma gayyaci 'yan kasuwa daga Maradi. In baƙin nan suka saya, matan sun huta da tallan kwalba ɗaiɗai a bakin titi. Suna da waƙarsu da suka shirya, suna son a ɗauke ta da gita a saka a lasifika ranar taro. Mayestiro ya duba sama, ya ce lokacinsa a cike yake, amma saboda raya karkara zai matsa. Rabonsa da aiki tun kafin girbi.

Ranar ɗauka matan suka iso a amalanken jaki, da ƙwaryar ƙuli-ƙuli cike fal, tsarabar Mayestiro. Ya jera su gaban mikro, ya fara gabatar musu da maɓallai kamar mai nuna 'ya'yansa. Ya taka na farko, gita ta yi gurnani. Ya taka na biyu, ta yi kukan kurciya. Sannan ya zare hankici ya rufe fuskar ordinata.

"Ɗan koyo ke kallon gilashi, Hajiya. Gwani ƙafarsa ke gani. Wannan jan maɓallin na ƙarshe, taku ɗaya ya fara ɗauka, taku na biyu ya tsaya. Kamar haka."

Ya taka. Taku ɗaya. Ya ci gaba da bayani, ya manta da na biyun, ordinata kuwa a ƙarƙashin hankici ta kama aikin da aka sa ta.

"Silans! Mun fara!"

Ya sake taka jan, ordinata ta tsaya cak. Matan suka rera waƙa mai daɗi, da tafi da guɗa. Mayestiro ya lumshe ido, ya karkace baki, ƙafa na yawo daga Landan zuwa Amirka, gumi na ɗiga a kan tsirkiya. Da aka kai ƙarshe ya taka jan don a tsaya, ordinata ta farka. Haka aka yini: in ana waƙa tana barci, in an huta tana saurare.

Da azahar matan suka fita salla. Mayestiro ya jawo ƙwarya, ya zauna daidai bakin mikro, ya kira abokinsa Ƙadri a waya. Ba su daɗe ba matan suka dawo, aka ƙarasa. Hajiya Zara'u ta ce, "Ɗana, a ɗan sa mana mu ji mana."

"Hajiya, likita ba ya sake buɗe cikin da ya ɗinke. Abin da ƙafar nan ta taka ya taku."

Ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a kile, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin na'ura, ya ce shi da kansa zai kawo.

Ranar biki ya sauka Maijirgi da baƙin tabarau da takalmi mai tsini, ya nemi kujerar gaba kusa da baƙin Maradi, ya ɗora ƙafar dama a kan ta hagu don jama'a su samu ganinta. Aka soka kile, aka buɗe lasifika. Fili ya yi tsit.

Aka ji tari. Aka ji jan kujera. Aka ji muryar Mayestiro tana bayanin Landan. Ya yi murmushi ya ce wa na kusa da shi wannan shimfiɗa ce, haka ake yi a Turai. Sai aka ji wani sauti mai ƙarfi, ƙurus, ƙurus, ƙurus, ga muryarsa da baki cike:

"Alo, Ƙadri? Ina nan da 'yan ƙauyen nan. Murya kamar kwaɗin tabki, sai dai lojisiyel ya rufa musu asiri. Amma ƙuli-ƙulinsu, Ƙadri! Ƙurus. Wallahi ko a Yamai ban ci irinsa ba. Man nan har ƙamshi yake a hannu. Ƙurus. A'a, kada ka zo, ya ƙare. Na ce maka ya ƙare!"

Baki shi ke yanka wuya, amma ba a saba jin yankan a lasifika ba. Mayestiro ya sauke ƙafa a hankali, ya tura ta ƙarƙashin kujera. Ya so ya ce kuran ne, wato lantarki, ya yi wasa, muryarsa ta ƙi fita, ga ta can tana ta tauna a kan jama'a. Wani Alhaji daga Maradi ya fara dariya har hularsa ta faɗi, fili ya ɗauka.

Hajiya Zara'u ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Kwaɗin tabki, ku taso." Matan suka taso suka rera waƙarsu da tafi da guɗa, ba gita ba ordinata. Kafin su gama, Alhajin ya aika a kawo masa ƙuli-ƙulin nan da mutum ya hana abokinsa. Ya ɗanɗana, ya nemi man, sauran baƙi suka bi. Kafin la'asar ba sauran jarka a rumfa.

Matan ba su mayar da kile ba. Sun sa an yanke zancen kwaɗi, an bar tauna da rantsuwa, shi suke sakawa a rumfarsu kowace ranar kasuwa. Yanzu daga Maijirgi har Mayahi babu wanda bai san Mayestiro ba, ɗaukakar da ya daɗe yana cewa tana tafe ta iso. In ya ratsa kasuwar Tasawa da gita a kafaɗa, mutane kan tare shi da fara'a, su kewaye shi, su roƙe shi da girmamawa:

"Mayestiro, don Allah a ɗan tauna mana!"