Fanka Huɗu a Akwati Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a wajen aikina na farko ba, duk da na sha ƙoƙarin in manta. Lokacin sojoji ba su jima da komawa bariki ba, kwamfuta ta fara yaɗuwa a Kano, ko'ina ka duba an buɗe makarantar koyonta. Ni ina koyarwa a wata 'yar ƙarama a saman bene a Fagge, ta wani Alhaji Mudi. Malami ɗaya ne tal, wato ni. Ɗalibai suna ce min Injiniya, ina amsawa (ban taɓa karanta injiniyanci ba, amma ban ga dalilin gyara musu ba).

Ana haka Alhaji ya ɗauko sabuwar malama, Ngozi. Haifaffiyar Sabon Gari ce, mahaifinta yana da shagon kayan lantarki a kasuwa, a cikin wayoyi da noti ta tashi. In tana Hausa ba ka ganinta, sai ka rantse 'yar cikin gari ce. Sati biyu da zuwanta ta buɗe tsohuwar kwamfutar ofis, wadda sai ka kunna ka je ka sha shayi ka dawo kafin ta farka, ta ɗan taɓa nan ta taɓa can, sai ga abu yana gudu. Ta yi wa Alhaji bayani cewa furosesan, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta ƙara wa sauri fiye da yadda aka saito shi daga kamfani. Da yake ƙarin sauri yana jawo ƙarin zafi, sai ta gyara masa fankoki.

Alhaji ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce, "Kai, yarinyar nan akwai kai!"

Ranar ko tuwon dare bai yi min daɗi ba. Kafin wata ya ƙare ɗalibai sun mayar da Injiniya kanta, ni na koma Malam kawai. In sun zagaye teburinta suna dariya, sai in ɗaga murya a nawa ɓangaren kamar ina bayanin wani abu mai muhimmanci, alhali mutum biyu ne a gabana, ɗaya ma gyangyaɗi yake. Sannan Alhaji ya sanar zai buɗe ajin gyaran kwamfuta, ɗaya daga cikinmu zai riƙe shi, ranar Asabar kowa ya nuna abin da ya iya.

Teburina yana manne da nata. Da na juya na tambaye ta, na san za ta koya min. Amma ni, in tambayi Ngozi? Sai na riƙa zagayawa bayanta wai ina neman alli, ina leƙen wani shuɗin shafi a kwamfutarta inda take canza lambobin saurin. Na ga mataki ɗaya ta ƙara, na ce ni uku zan ƙara. Na ga fanka biyu ce a akwatin kwamfutarta, na ce ni huɗu.

Na hau acaɓa zuwa Kasuwar Sabon Gari, na bi ta wani dogon layi don kada in gifta ta gaban shagon babanta. Na sayi fankoki huɗu, na haɗa da sabon ƙarfen nan mai haƙora kamar mataji da ake ɗora wa furosesa ya zuƙe masa zafi. Na kai murfin akwatin kwamfutata wajen mai walda ya huda min. Bayan sallar Juma'a, da na tabbatar Ngozi ta tashi, na zauna na ɗaure komai da hannuna. Sauran ƙofofin da ke jikin akwatin kuwa duk na liƙe su da salatif, don kada iskar da na wahala na tara ta gudu (wallahi a lokacin hikima na ɗauke ta). Na kunna kwamfutar, ta kama, aka ɗauke wuta. Na ce ai ta riga ta nuna kanta, na rufe na tafi gida.

Asabar ajin ya cika. Zafin bazara ne, kowa yana fifita da littafi. Ngozi ta nuna tata kwamfutar, shiru, ba hayaniya, aka tafa. Ni da na danna tawa sai ta ɗauki ruri kamar injin markaɗe. Na ɗaga murya na ce, "Kun ji wannan ƙarar? Ita ce ƙarfi." Na buɗe manhajar zane, na fara jawabi a kan yadda wasu suke tsoron ƙara mataki. Ban kai ƙarshen jimlar ba kibiyar linzami ta ƙame. Allon ya yi baƙi.

Na sake kunnawa. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta sake sumewa, wani warin roba ya fara tashi.

Da a nan na tsaya, da abin dariya ne na kwana biyu. Amma bakina ya riga ni. Na juya na ce, "Alhaji, an taɓa min ita. Jiya lafiya lau na bar ta. Kuma mu biyu ne muke da mukullin ɗakin nan."

Ngozi ta miƙe a hankali ta ce, "Malam, ni kake nufi?"

Na ce, "Ni dai ban kira suna ba."

Ta ce, "To, miƙo min sukundireba."

Ta yagi 'yar siririyar takarda, ta sa na sake kunna kwamfutar, ta kai takardar gaban fanka ta farko. Fankar ta zuƙe ta. Ta biyu ta zuƙe. Ta uku, ta huɗu, duk haka. Ta kashe, ta ce wa ɗalibai, cikin muryar darasi, "Duk huɗun ciki suke turawa, an kuma toshe ƙofofi. Zafin ta ina zai fita? Ɗaya ta shigo da iska ta gaba, ɗaya ta fitar ta baya, shi ke nan."

Na ce a raina to, an gama, wannan da sauƙi. Ashe da saura. Ta jira ƙarfen ya huce, ta ɓalle shi daga kan furosesan, ta juyo da gindinsa. Ga wata leda manne a jiki, ta motse saboda zafi, da jan rubutu ɓaro-ɓaro. Ba ta karanta ba. Ta miƙa wa Alhaji. Alhaji kuma Turanci bai dame shi ba, sai ya miƙa wa Hajiya Binta, wata dattijuwar ma'aikaciya da ke cikin ɗalibai, ya ce ta fassara.

Hajiya ta gyara tabarau, ta karanta sau biyu, ta ce, "Wai a ɓare kafin a ɗora."

Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, ita ma ledar Ngozi ce ta shigo ta manna?"

Dariyar da aka yi, har mai shagon ƙasa sai da ya hawo ya ga ko lafiya. Ni kuwa ina tsaye riƙe da murfin akwati, gumi yana bin bayana, na rasa inda zan ajiye shi, na rasa inda zan kai idona.

Allah ya taimake ni furosesan bai ƙone ba. Ajin gyara kuwa, ba sai na faɗa muku wanda aka bai wa ba. Ranar Litinin na tattara ɗan abin da ya rage min na mutunci na je na ba ta haƙuri. Ta ce, "Kuskuren ba komai ba ne, Malam, ni ma na taɓa ƙona furosesan babana. Zargin ne ya yi min ciwo." Wannan maganar ta fi dariyar Asabar zafi. Ta sa na ɗaure fankokin daidai da hannuna tana kallo, muka mayar da saurin mataki ɗaya, fankoki biyun da suka yi rara na kai gida.

Tun daga ranar, duk abin da ya lalace a hannuna, sai na kulle ƙofa na buɗe cikinsa ni kaɗai kafin in ce wani ne ya taɓa. Kuma abin haushin, kusan kullum sai in tarar da aikina ne.