Rasuwar Jatau, Injin Tafkin Na'Allah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haƙuri ya kusa ƙare mata, iyalan Malam Na'Allah mai kiwon kifi na Dandin Mahe suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar injinsu na ban-ruwa, wanda aka fi sani da Jatau saboda jan fentinsa. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da la'asar a Mandera, yana tsakiyar bauta a gonar da ba ta ubangidansa ba.

Marigayin ya zo ƙasar nan farkon mulkin farar hula, lokacin da malaman gona ke bin ƙauyuka suna cewa ana kiwon kifi kamar yadda ake kiwon kaji. Kowa ya ji ya kau da kai, ban da Na'Allah. Ya haƙe fadamar da ya gada ya mai da ita tafki, aka kawo masa 'ya'yan karfasa cikin leda mai iska, aka damƙa masa Jatau. Aka ce muddin yana sabunta ruwa kifi ba zai yanke masa ba, gulbi ma ya huta da masu taru. Tun daga ranar Na'Allah bai da gero, bai da albasa, sai abin da ke iyo cikin ramin nan.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi. Ba a jan igiyarsa sau biyu. Da asuba zai gyara murya, ya ce "tuf, tuf, tuf-tuf-tuf," sai ruwa ya taso daga rijiya ya bi mesa yana sheƙi. Ya sha fetur mai kyau ya gode, ya sha gaurayayye bai kai ƙara ba. A dalilinsa waɗanda suka ce Na'Allah ya zautu suka dawo suna sallama da kwano a hannu.

Ajalinsa ya biyo ta hanyar aro. Da damina ta yi gardama, gwamnati kuma ta tsuke bakin aljihu, sai wani babban mutum na Mandera ya aiko a ba shi Jatau na kwana biyu, albasarsa na ƙonewa. Na'Allah ba ya iya faɗin sunan wannan dattijo, domin shi ya haifi matarsa Shatu. Wa ke hana inji ga wanda ya ba shi 'ya? Aka ɗora Jatau kan jaki da mesarsa. Kwana biyun kuwa irin na Bahaushe ne.

Ruwan tafki ya ja baya, ya yi kore, ya fara wari. Kifi suka riƙa tasowa sama da safe suna buɗe baki. Na'Allah ya yi ta zarya zuwa Mandera. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi lafiyar dabbobi, yana jiyo Jatau can cikin fadama yana tari, "kuf, kuf," kamar mai kiran sunansa. Sai ya yi sallama ya dawo ba Jatau. Ya tura Shatu, ta dawo da ƙullin daddawa da gaisuwa.

Da baƙin mai ya ɓace a kasuwa, masu jinyarsa a Mandera suka ɗura wa marigayin man gyaɗa, da kyakkyawar niyya. Ya yi aiki da shi yini guda don kunya. Daga nan ya ce "ƙiiiƙ," ya yi hayaƙi, ya yi shiru. An garzaya da shi wurin Ɗantani bakanike a Bodinga, wanda ya buɗe cikinsa, ya shinshina, ya ce, "Wanga soya shi anka yi, Na'Allah. Kayan gyara nai ko Ikko ka tahi ba ka samu. Ɗauki abinka."

Ya rasu ya bar mesa mai faci, da igiya, da galan wanda babu komai a ciki. Ya kuma bar marayu masu yawa a tafki, ba wanda ya kai tafin hannu a cikinsu, ruwan da ya rage musu bai wuce idon sawu ba. Jan ruwa da guga ba ya iya riƙe su. Na'Allah ya gwada har tafinsa ya sale, kuma ya san babu wani Jatau da ke tafe.

Za a wanke mamacin da kananzir, a naɗe shi cikin buhu, a kwantar da shi a bayan rumbu. Zaman makoki a bakin tafki ne, ranar Asabar da hantsi. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kowa ya riƙo kwanonsa, domin a ranar za a kwashe marayun gaba ɗaya a soya su sadaka kafin su mutu a banza. Kada kowa ya wahalar da kansa da kayan miya. Dattijon Mandera ya aiko da buhun albasa na gaisuwar mutuwa, manya-manya, bana tasa ta yi kyau ƙwarai. Bayan an watse, Na'Allah zai tafi Mandera ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi godiya.