Kwamfutar Yaya Hinde a Buhun Shinkafa

Ranar da kwamfutar Yaya Hinde ta ƙi tashi ni aka kira, don na yi wata uku ina koyon kwamfuta a Katsina, har na tilasta wa 'yan gida ce mini Injiniya. Duk aikinta na kammala makaranta yana ciki, jibi za ta miƙa.

Na danna, shiru. Na kara kunne a jikinta kamar likita, na girgiza kai.

"Damina ce, sanyi ya shige ta. Waya ma in ta jiƙe a shinkafa ake tusa ta."

Yaya ta ce, "Ko a fara kai ta shagon caji?"

"Haba Yaya, wa ya yi karatun nan, ni ko ke?"

Na kwance buhun shinkafa a ɗakin ajiya, na binne ta can tsakiya, na ɗinke bakin tsaf. Ban gaya wa kowa ba.

Washegari kasuwar Ƙanƙara ke ci. Kafin in karya kumallo Baba ya ɗora buhun a mota.

Muka bi shi a babur, Yaya na kuka tana ɗirka mini dundu har kasuwa. Muka tarar mai awo ya zazzage buhun, jama'a sun kewaye, wani dattijo na cewa lallai noman bana ya yi albarka.

A shagon caji aka jona ta. Minti biyar ta kawo haske. Ashe caji ne ya ƙare, kwananmu shida babu wuta.

Har yau in na ratsa ta 'yan awo sai wani ya ɗaga murya: "Injiniya, bana kwamfuta buhu nawa ka noma?"