Gyangyaɗin Shugaba a Cikin Rahoto

Ni ne sakataren ƙungiyar dillalan shanu a Baure, ni kaɗai kuma ke da laftof. Da shugabanmu, Alhaji Mamman, ya ce a mai da rahoton taro PDF, sai na gyara hula na ce, "Alhaji, abin minti ɗaya ne."

Na danna, na tura wa kowa ban duba ba. Ashe 'yan bayanan da nake rubuta wa kaina a gefen shafi sun bi rahoton. Har wuri uku jama'a suka karanta: "Nan shugaba ya yi gyangyaɗi."

Washegari ya kira ni. "Sakatare, sau biyu ne."

Har yau, in taro ya ja, sai ya ɗago kai ya ce, "Idona biyu, rubuta."