Rasuwar Mai Haƙora, Tayar Gaban Keken Tauno

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a buɗe, Tauno Karvonen na birnin Oulu, can arewa a ƙasar ƙanƙara, yana sanar da 'yan uwa, abokan arziki da maƙwabtansa na bene, har da waɗanda labarin zai yi wa daɗi, rasuwar tayar gaban kekensa, wadda aka fi sani da Mai Haƙora. Ta cika ranar Talata da hantsi a gangaren bayan coci, bayan hunturu tara tana cizon ƙanƙara a madadinsa.

Marigayiya ta shigo gidan da ƙusoshi ɗari biyu da arba'in masu hana santsi a jikinta. Tauno ya yi mata reno irin wanda ya dace: kilomita hamsin a kan busasshiyar kwalta, ba birkin gaggawa, ba shan kwana da gudu, har kowace ƙusa ta zauna daram a gurbinta. Ita kuma ba ta yi butulci ba. Duk safiyar da gari ya waye da santsi, manyan mutane na tafiyar agwagwa a bakin titi, ita ke kai shi har kan daskararren teku inda yake huda ramin kamun kifinsa. Ba ta da surutu. A kan kwalta takan ce ƙarrr, kamar ana suyar kifi. A kan ƙanƙara kuwa sai ta yi tsit, ta duƙufa kan aikinta.

Ta bar tayar baya, wadda ba ta taɓa tsinana komai ita kaɗai ba, da kaca mai tsatsa, da ƙararrawar da ke yajin aiki in sanyi ya tsananta, da dattijo ɗan shekara saba'in da huɗu mai ƙarfe a ƙugu.

Ya kamata jama'a su san abin da mutuwar nan ta jawo masa. Tun da aka yi masa aikin ƙugu, matarsa Sirkka ta tasa shi gaba sai da ya yi alkawari: ranar da tayar nan ta mutu, shi da hawan keke a hunturu sun rabu, kuma ba zai sayi wata ba. Da dariya ya yi alkawarin, don ya san lafiyarta ƙalau. Mutumin arewacin nan kuwa in ya faɗa, to ya faɗa.

Shi ya sa jinyar ajalinta ba ta kwanta masa a rai ba. Taya takan zubar da ƙusa biyu ko uku a shekara, wannan kowa ya sani. Amma talatin da biyu cikin wata guda? Duka daga gefe, inda ake buƙatarsu wajen shan kwana? Gurabun kuma fes, ba yagewa, sai ka ce aikin likitan haƙori. Keke dai a ɗakin ajiya na ƙasan bene yake kwana, kuma kowane gida na da mabuɗi.

Ya fara zargin Pentti, shugaban kwamitin bene, wanda ya taɓa manna takarda cewa ƙusoshin wani suna kankare daɓen ƙofar shiga. Da ya tare shi, Pentti ya ce, "Ni? Ni da ko gwangwanin kifi sai matata ta buɗe min?" Tauno bai goge sunansa daga jerin waɗanda yake zargi ba. Ya zargi mai gyaran keke, ya zargi titin tsakiyar gari da ake ɗumamawa har ƙanƙararsa ta narke. Duk da haka ya ci gaba da hawanta, don taurin kai. Ranar Talata ta nemi cizo a kwana, ba haƙora. Shi ya faɗa tulin dusar ƙanƙara, bai ji ciwo ba sai kunya. Ita kuwa ta tsage a bakin dakalin titi.

Da ya turo gawar gida, ya tarar da tsofaffin takalmansa a bakin ƙofa, sun dawo daga wurin mai gyara. Ya kife su. Ƙusa goma sha shida a tafin kowanne, da kawunansu a goge irin gogewar da ya sani.

"Sirkka, ina kika samo waɗannan?"

"Kofinka zai huce, tsoho."

"Tambayarki nake."

Ta daɗe tana goge kofin da ya riga ya bushe. "Na zaci in ka ƙirga su za ka haƙura da ita. Ban san za ka hau ta a haka ba." Ta ajiye kofin. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya kuma ji tausayinta, abin da ya ƙara ɓata masa rai ke nan.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya a wurin rarraba shara, bayan an raba roba da ƙarfe kamar yadda aka saba. Ba a buƙatar furanni. Akwai kofi da burodin kirfa a gida. Pentti na iya zuwa, an wanke shi, ko da yake takardar nan har yanzu tana nan a manne.

Mai makoki zai bi gawa a ƙasa, hanyar kuma da santsi. Sirkka ce za ta riƙe masa hannu. Ya ce a sanar cewa bai yafe ba tukuna, amma kada ta saki.