Ofishina na Zabarmari

A unguwarmu ba a gardama da ni kan kwamfuta, don rubuta manhaja ce sana'ata. Da kamfanin da nake amfani da manhajarsu ya yi rangwame ga masu sabunta lasisi, sai na zaɓi na dindindin, mai tsada, na kwamfuta ɗaya tak.

Ranar da rangwamen zai ƙare babu wuta, kwamfutata kuma ba caji. Sai na ari ta Modu, ƙanen matata, manomin shinkafa da ya kawo mana ziyara daga Zabarmari.

Matata ta leƙo ta ce, "Baban Falmata, ka karanta sharuɗɗan kuwa?"

Na ce, "Ni za a koya wa?" Na danna.

Ashe lasisin yana maƙalewa ne a kwamfutar da aka fara sa shi. Na roƙi kamfanin, suka ba ni haƙuri. Na nemi mu yi musaya da Modu, ya ƙi, wai tasa ta fi nuna ƙwallo.

Yanzu duk babban aiki sai na shiga mota zuwa Zabarmari. Ina sauka manoma ke ɗaga murya da gaisuwar garin: "Wushe, Injiniya! Oganka Modu ya ce yau ma ka makara."