Rasuwar Aradu, Gangar Illa Mai Gadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya tun ranar Asabar, Malam Illa, mai gadin makarantarmu ta koyon aikin jinya a nan Zinder, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da tsofaffin ɗalibai na kusa da na nesa, da duk wanda ya taɓa toshe kunne a bakin fili, rasuwar abar ƙaunarsa, gangar ƙungiyar ƙwallon ɗalibai, wadda aka fi sani da Aradu. Ta cika ranar Asabar da la'asar, saura minti biyu a tashi wasa, tana rataye a kafaɗarsa, a gaban mutum wajen ɗari huɗu. Ta rasu tana da shekara goma sha tara.

An haifi marigayiyar a Tirmini, a hannun wani tsohon masassaƙi da ya riga ta tafiya, aka rufe ta da fatar jan akuya. Duk wanda ya zauna da ita ya shaide ta da kamun kai. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ba ta taɓa bin motar 'yan siyasa ba, ko da yake sun aiko sau uku. Aikinta ɗaya ne a duniya, kuma Illa ya kafa mata doka biyu tun ranar da ya fara rataya ta. Ta farko, ba a taɓa ta sai ƙwallo ta shiga ragar abokan karawa, alƙalin wasa ya nuna tsakiyar fili. Ba ta zuga ɗan wasa, ba ta yi wa kowa kirari, abin da ya riga ya faru kawai take faɗi. Ta biyu, kowace safiyar wasa Illa zai ja igiyoyinta ya tsuke fatar, kuma ba zai sassauta mata ba sai ta yi magana. A shekarun arziki wannan ba wani abu ba ne, don kafin magariba ta faɗi nata, an kwance ta, ta kwana da daɗi.

Muryarta kuwa, kai, ba a magana. Gidim, gidim-gidim, gidim! Mai shayi na bakin titi yakan dafe kofunansa. Inna Amina, matar Illa, ba ta taɓa taka filin nan ba, amma tana tuƙin tuwo take ƙirga ƙwallaye, in maigida ya dawo ita ke gaya masa yadda aka tashi.

Ciwon ajali ya faro ne bara, da manyan 'yan wasa biyar suka ƙare karatu a lokaci guda aka rarraba su gidajen likita na ƙauyuka. Mushe Alkasum (mushe irin na Faransanci, yadda muke kiran malaman boko a nan), diraktan makaranta, ya ce a nemo gwanaye daga wasu makarantu, a ba su gurbin karatu muddin suna yi wa ƙungiya amfani. Aka kawo uku: ɗaya daga Takieta, ɗaya daga Tirmini, na ukun kuma Mutari ɗan Mirriya, ɗan Aisa ƙanwar Illa. Kwana uku Illa ya yi yana sintiri a ƙofar ofis kafin a karɓi yaron. Ya ce ɗan nan a Mirriya cin ƙwallo yake yi kamar cin gyaɗa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ya je da kansa ya ɗauko shi, ya ce wa Aisa ta kwantar da hankalinta, shekara biyu kacal za a mayar mata da ma'aikacin jinya da takardarsa a hannu.

Daga nan ne fa aka shiga uku. Wasa na farko, babu. Na biyu, babu. Na biyar, babu. Ɗan Takieta in ya buga, sai a tura mutum ya hau bishiyar dogon yaro ya sauko da ƙwallo. Ɗan Tirmini gudu kamar an koro shi, sai ya isa gaban raga ya tarar ya baro ƙwallon a baya. Mutari ya bugi ƙarfen raga sau shida, ƙarfen har ya san shi. Tsofaffin 'yan wasa suka daina ba su ƙwallo, suna ce musu baƙi, su ma kuma ba cin suke yi ba. An sake riguna, an sake takalma, an yi aski duka ƙungiya rana ɗaya, an raba sadakar masa. Wasa tara cur, ragar mutane tana hutawa, Aradu ba ta ce uffan ba.

Shi kuwa Illa kowace Asabar sai ya ƙara ja. Doka doka ce. Ya tsuke a kan tsukewar makon jiya, ya rataya, ya tsaya bayan raga da makaɗi a ɗage har hannunsa ya yi tsami, ya dawo da ita gida a ɗaure. Ga zafin bazara ya shigo, fatar ta yi ƙyalli, in rana ta buge ta sai a ji tana ƙis, ƙis, ita kaɗai a jikin bango.

Inna Amina ta yi magana. Ta ce, "Malam, don Allah ka sassauta wa baiwar Allah nan ta sha iska. Ko akuyar da ranta ba za ta ɗauki wannan ba."

Ya ce, "Sai ta yi magana."

"To in ba su ci ba har shekara ta ƙare fa?"

Ya fita ya zaga makaranta sau biyu ya dawo. Haka ya koma a watannin nan. Ba ya gama shan shayi, ba ya gama zance, in ya zauna kan bencinsa sai ya miƙe kamar an tsikare shi. Tsoro yake ji, kuma kowa ya san tsoron me, domin Mushe Alkasum ya riga ya tara ɗalibai ya faɗa a fili: wasa na goma shi ne na ƙarshe, in baƙin nan ba su ci ko ɗaya ba, kowa ya koma inda ya fito. Mutari kuwa saura masa shekara guda ya karɓi takardarsa.

Ranar Asabar ta zo. Illa ya ja igiya ja na goma. Aka yi ta fama, ba ci ba ci, har rana ta karkata, mutane suka fara kakkaɓe riguna za su tafi. Sai ga ɗan Tirmini, a karon farko a rayuwarsa, ya yi gudu tare da ƙwallon, ya miƙa wa Mutari. Mutari ya wuce na farko, ya wuce na biyu, mai tsaron gida ya fito ya zube ƙasa, Mutari ya kewaye shi. Raga a buɗe, taku huɗu, ba kowa. Ko Inna Amina aka sa a wurin da muciyarta za ta zura.

A nan ne Illa ya yi abin da bai taɓa yi ba shekara goma sha tara. Bai jira ba. Mako goma hannun nan yana sama, ya gaji, zuciya ta riga ido, ya sauke makaɗi da dukan ƙarfinsa tun ƙwallo tana ƙafar yaro.

Kalmar marigayiya ta ƙarshe ba gidim ba ce. Fau! Haka ta ce, sau ɗaya, fatar ta tsage daga baki zuwa baki. Tsofaffin 'yan wasa da suka san ta ko gezau, amma Mutari bai taɓa jin muryarta ba tun da ya zo, ga ta kuma taku goma daga kunnensa. Ya zabura, ya waiwaya, ƙafa ta goge ƙwallon, ta gangara a hankali, a hankali, ta wuce gefen ƙarfe ta tsaya a gindin takalmin Illa. Alƙalin wasa ya duba agogo ya busa.

Abin da ya fi ci wa Illa rai shi ne yaron bai yi fushi ba. Ya zo yana haki, ya dubi gangar, ya ce, "Kawu, wallahi na zaci harbi aka yi. Ba ka ji ciwo ba dai?" Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi.

An yi iya ƙoƙari. An kai ta wurin masu aikin fata a unguwar Birni, suka juya ta, suka ce kangon, wato icen jikinta, shi ma ya tsage ta ciki, igiya ta daɗe tana cinsa, ba yau ciwon ya fara ba. Illa ya je gidan Mushe Alkasum ranar Lahadi, ya je ofis Litinin tun kafin a share, ya rantse cewa hannunsa ne ya yi laifi, ƙafar yaro ba ta da alhaki. Mushe ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Baba Illa, ganga ba ta cikin mutum goma sha ɗayan da na sa a fili. Na faɗa a gaban ɗalibai, in na janye wa ɗan ƙanwarka, me zan ce wa ɗan Takieta?" Ya sa hannu a takardun sallama uku.

Marigayiyar ta bar makaɗi ɗaya, wanda Illa ya jefa bisa rufin ɗaki kuma ya hana a sauko da shi. Ta bar maratayinta na fata, da ƙusar bango da ta riƙe ta tsawon rayuwa, da wasu ƙahonnin roba guda biyu na 'yan aji ɗaya, marasa tarbiyya, masu kuka ko an ci ko ba a ci ba. Ta bar Inna Amina, wadda ta yi alkawarin ba za ta ce ai na faɗa ba, ta kuma riga ta faɗa sau huɗu.

Za a yi jana'iza ranar Laraba da hantsi a bayan ragar gabas, inda ta saba tsayawa. Ana roƙon jama'a kada a zo da ƙaho, kada a yi tafi. Allah Ya ba mu haƙurin rashi.

Zaman gaisuwa kuwa babu shi, domin mai makokin ba zai zauna ba. Daga wurin binnewa tasha zai wuce, shi da Mutari da jakarsa, su shiga motar Mirriya. Aisa ba ta sani ba tukuna. Illa ya hana a yi mata waya, ya ce shi ya ɗauko mata ɗa, shi zai mayar, kuma daga bakinsa za ta ji. Kwana huɗu ke nan yana zagaye yana neman kalmar farko bai samu ba. Saboda haka duk wanda ya san yadda ake fara irin wannan magana, ya taimaka ya same shi a tasha kafin mota ta cika.